Dajin da ya gagari magina a Landan

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Hampstead ita ce mafi zurfi a duk Landan. Daga inda jirgi ke sauke mutum zuwa bakin titi mita 58 ne da ɗoriya, wanda kuma ya ƙi shiga lif ya ce sai matakala, to taki sama da 300 na jiransa. Dalili kuwa, unguwar a kan tudu take zaune, layin dogon da aka buɗe a 1907 dole ta ƙarƙashinsa ya ratsa. Tudun nan shi ne tushen labarin wurin baki ɗaya. Samansa yashi ne, ƙarƙashin yashin kuma laka mai danƙo. Idan aka yi ruwa sai ya nutse cikin yashi, ya tarar da laka, ya rasa hanya, ya ɓuɓɓugo ta gefen tudu. Shi ya sa tun fil'azal wurin yake da idanun ruwa birjik, amma ƙasarsa ba ta karɓar noma. Manoma suka ƙyale ta ga masu kiwo da masu ɗibar itace da mata masu wankau, waɗanda ke wanke tufafin manyan Landan su shanya a kan ƙayoyin daji.

Tsakanin nan da tsakiyar birni bai wuce kilomita shida ba, amma da ka karya kwana daga babban titi ka shiga Flask Walk sai ƙarar motoci ta ɗauke. Lungu ne siriri, shaguna na kallon juna, can gaba ya buɗe ya zama layin gidajen jan bulo masu gajerun ƙofofi. Babu layi ɗaya a tsohuwar unguwar da ya miƙe sambal. Wani ya hau, wani ya gangara, wani ya rikiɗe ya koma matakala, domin ƙafar mutane da ta dabbobi ce ta fara shata su tun wurin yana ƙauye. Akwai wata takarda da ake dangantawa da shekarar 986 wadda ta nuna Sarki Ethelred ya ba da ƙauyen ga masu ibada na majami'ar Westminster, kuma ya daɗe a haka, 'yan gidaje da aladu da gonaki kaɗan.

Ruwa ne ya fara jawo masa mutane. A 1698 wata mai sarauta, Susannah Noel, ta ba da eka shida na fadama sadaka ga talakawan Hampstead, a madadin ɗanta da bai balaga ba. A cikin fadamar akwai wani ido mai jan ruwa, mai ɗanɗanon ƙarfe. Likitocin zamanin suka ce magani ne. Nan da nan aka shiga ɗura shi a kwalabe ana kai wa Landan, kwalba ɗaya taro. Aka gina dogon zaure na shan ruwa da rawa, aka buɗe masaukai, har da wata 'yar majami'a da ake ɗaura aure a kan sule biyar. Ba a jima ba 'yan caca da mashaya suka mamaye wurin, masu mutunci suka janye jiki, kasuwar ta mutu. Yau a layin Well Walk akwai wani ɗan ginin dutse da ke nuna inda rijiyar take, ruwan ba ya shawuwa. Amma sadakar matar nan ba ta mutu ba: har gobe akwai asusun taimakon mabuƙata da ya samo asali daga eka shidan nan. Na tsaya na karanta sunanta a jikin dutsen, raina ya yi mini daɗi, don sama da shekara 300 ke nan ana cin moriyar kyautar.

A wannan layi ne mawaƙi John Keats ya kama ɗaki a 1817 tare da ƙannensa, a nan kuma ƙaninsa Tom ya rasu da tarin fuka a ƙarshen 1818. Shi ma ciwon ne ya ɗauke shi a Rum a 1821, yana ɗan shekara 25. Mai zane John Constable ya zauna a gida mai lamba 40 daga 1827, ya kawo matarsa ne don iskar tudu, ita ma tarin bai bar ta ba. Constable ya kan fita daji ya zana gajimare kawai, a bayan takardar ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗawa. Mutanen Landan na wancan lokaci hayaƙin gawayi ya ishe su, duk mai hali kuma mai ciwon ƙirji tudun nan yake nufa.

Ɗan yayana da ke karatu a can, shi ne ya yi mini jagora. Muna wuce wani ɗan gida mai tagogi biyu ya ce, "Baffa, wannan da kake gani, sai mai miliyoyin fam." Gaskiyarsa. Jikokin masu wankau ba su da wurin kwana a unguwar yanzu, kuma abin da ciwo. Sai dai ƙarshen layin kaɗan, ka tsallaka titi, ka faɗa cikin abin da ba a sayar ba.

Hampstead Heath hekta 320 ne na daji da ciyawa da tafkuna. Ba lambu ba ne mai shingen furanni. Taɓo ne har idon sawu idan an yi ruwa, da ƙaya, da tsofaffin itatuwa, da 'yan hanyoyin ƙafa da ke rarrabuwa har mutum ya rasa gabas. Cikin kurmin, ba zato, sai ka ci karo da wata gada ta jan bulo mai bakuna biyar, ta haye wani tafki, ginin ƙasaita, amma ba ta kai ka gidan kowa. A gindin gadar nan labarin da ya fi damuna yake.

Wanda ya gina ta shi ne Sir Thomas Maryon Wilson, wanda ya gaji sarautar ƙasar Hampstead a 1821. Landan na kumbura, filaye na tsada, shi kuma yana zaune a kan dukiya. Sai dai wasiyyar mahaifinsa ta ɗaure masa hannu: ba shi da ikon ba da hayar ƙasar fiye da shekara 21, babu kuma maginin da zai zuba kuɗinsa a kan ƙasar da za a karɓe kafin ya mayar da uwar kuɗi. Magina shekara 99 suke so. Hanya ɗaya ta rage masa, ya je majalisar dokoki ta warware wasiyyar. Ya kai buƙatarsa ta farko a 1829, mutanen unguwa suka tashi tsaye, aka watsar. Ya sake kaiwa, aka sake watsarwa. Shekara arba'in ana wannan ja-in-ja, ya je majalisa fiye da sau goma bai taɓa dawowa da abin da yake so ba. A tsakiyar shekarun 1840 ya ce to shi zai yi ginin da kansa a gonarsa da ke manne da dajin, gidaje 28 na alfarma. Ya shata hanya, ya gina gadar, kuɗi suka ƙare, ko gida ɗaya bai tashi ba.

Da abin ya ƙi, sai ya huce a kan ƙasar. Ya ba da wani sashe ga masu gasa bulo. A shekarun 1860 ya sayar wa kamfanin jirgin ƙasa na Midland yashi, amalanke na ɗiba ba dare ba rana. Wanda ya bi titin Spaniards yau zai ga hanyar ta yi tozo, dama da hagu ƙasa ta zurma, ramuka sun zama kwari itatuwa sun rufe. Tabon wancan haƙa ne. Daga ƙarshe ya fara aza harsashin gini a kan tsakiyar dajin kansa, sai wani mai banki mazaunin unguwar, John Gurney Hoare, ya maka shi a kotu da hujjar cewa mazauna suna da haƙƙin kiwo da na amfani da filin tun kaka da kakanni. Ana cikin shari'ar Sir Thomas ya mutu a 1869. Ɗan'uwansa da ya gaje shi bai da wannan taurin kai, ya karɓi fam 45,000 daga hukumar ayyukan birni, a 1871 kuma majalisa ta yi dokar da ta mallaka wa jama'a eka 200 da 'yan kai, da sharaɗin kada a yi gini, kada a kewaye, a bar shi yadda Allah ya yi shi gwargwadon iko.

Ba zan ɓoye ba, waɗanda suka fara wannan faɗa ba talakawa ba ne. Masu banki ne da lauyoyi da alƙalai, kuma da yawansu tagoginsu suke karewa kada wani ya tare musu iska. Shi ma Sir Thomas, abin da ya nema an ba wasu masu ƙasa irinsa a wasu wurare. Duk da haka ina bayansu ɗari bisa ɗari, saboda wanda ya ci ribar. Jirgin ƙasa ya iso gefen dajin a 1860, a 1871 aka kafa ranakun hutun banki, sai ma'aikatan masaƙu da 'yan dako na gabashin Landan suka riƙa tuttuɗowa dubbai a rana ɗaya, da yaransu da ƙunshin abincinsu, ana hawan jakuna ana lilo. Tun kafin haka ma, a shekarun 1850, Karl Marx da iyalinsa, lokacin suna fama da talauci a ɗakuna biyu a Soho, nan suke takowa ranar Lahadi da kwandon abinci. Mutumin da ɗakinsa ba ya ganin rana ya fi kowa sanin darajar fili.

Kuma ba su tsaya a abin da suka samu ba, wannan ne ya fi burge ni. Sun gane cewa idan gonakin da ke kewaye suka zama gidaje, dajin zai shaƙe. Sai suka shiga saye, yanki bayan yanki, da kuɗin hukuma da karo-karon jama'a. A ƙarshen shekarun 1880 aka sayo tudun Parliament Hill da gonar Sir Thomas ɗin nan mai gada a kan kimanin fam 300,000, wata mai suna Octavia Hill na cikin waɗanda suka yi ta yawon neman taimako. Golders Hill ya shigo a 1898. Da wata mai suna Henrietta Barnett ta ji za a kai jirgin ƙarƙashin ƙasa unguwar Golders Green, ta san magina na biye da shi, ta tara kuɗi aka sayi eka 80 daga makarantar Eton a 1907.

Daga arewa, bayan an ratsa kurmi, sai ciyawa ta buɗe, ga farin gidan Kenwood a kan gangare. William Murray, wato Lord Mansfield, alƙalin alƙalan Ingila, ya saye shi a 1754, ya sa mai zanen gini Robert Adam ya gyara shi. Ɗakin karatun kaɗai ya isa a zo dominsa. Amma ni wata yarinya nake tunawa a wurin. Dido Elizabeth Belle, an haife ta a 1761, ubanta John Lindsay hafsan jirgin yaƙi ne kuma ɗan 'yar'uwar alƙalin, uwarta Maria baiwa ce baƙar fata. A gidan nan ta tashi, kusan shekara 30, ta yi karatu, tana kula da ɗakin madara da kaji, tana taya alƙalin rubutun wasiƙu. Tana ƙaramar yarinya a gidansa ya yanke hukuncin James Somerset a 1772, cewa ubangida ba shi da ikon fitar da bawa daga Ingila da ƙarfin tsiya. Shi ɗin dai, a 1783, ya saurari shari'ar jirgin Zong, inda aka jefa bayi sama da 130 a teku, ya dube ta a matsayin rigimar inshora. Duka biyun nasa ne, kuma ban yarda a faɗi ɗaya a bar ɗaya ba. A wasiyyarsa ya rubuta ƙarara cewa Dido 'ya ce, ba baiwa ba, ya bar mata fam 500 da fam 100 duk shekara. Dole ta sa ya rubuta, don ya san ƙasar da zai bar ta a ciki. Gidan ma saura ƙiris magina su samu, sai Lord Iveagh ya saye shi a 1925, ya rasu a 1927 ya bar wa jama'a shi da zane-zane 63, har da na Rembrandt da Vermeer. Shiga kyauta ce.

Gangarowa kudu tafkuna ne a jere, wannan na zuba cikin wancan. Ba halitta ba ce, madatsai ne. Kamfanin ruwa da aka kafa a 1692 ya riƙa tare maɓuɓɓugan kogin Fleet yana tura ruwan cikin birni. Kogin kansa yanzu an binne shi, yana bin ƙarƙashin tituna har ya faɗa Thames, amma tafkunan suna nan. Uku daga ciki na wanka ne, na maza daban, na mata daban, ɗaya kuma na kowa. Na ga wani dattijo ya fito daga na maza da sanyin safiya, fatarsa ta yi jawur, yana goge kai da ƙaramin tawul yana gaisawa da mai gadin ruwa kamar maƙwabcinsa. Sai na tuna kududdufan birnin Kano, su ma hannu ne ya haƙa su, garin ɗibar ƙasar gini, kuma a idonmu aka cike da yawansu aka aza shaguna, ruwan damina ya koma yana neman hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Shi kuwa tudun Parliament Hill mita 98 ne kacal, amma daga kansa ana hango Landan a shimfiɗe, kuma dokar gine-gine ta hana a yi benen da zai tare ganin ƙubbar majami'ar St Paul daga nan.

Bayan an kori magina, wani faɗan ya taso daga inda ba a zata ba. Hukumar gundumar Landan da ta karɓi ragamar wurin a 1889, da kyakkyawar niyya, ta fara sassabe ƙaya, tana shuka itatuwa a layi, tana shirin shimfiɗa hanyoyi don ya yi kama da sauran lambunan birni. Mazauna suka ce ba wannan aka yi shekara arba'in ana nema ba. A 1897 suka kafa ƙungiyar kare dajin, wadda har yanzu tana aiki da sunan Heath and Hampstead Society, tana bin duk takardar neman izinin gini a gefen filin tana ƙalubalantar wadda ta ga za ta cutar. Tun 1989 hukumar tsohon birnin Landan ce ke kula da dajin, kuma masu gadinsa sukan bar itacen da ya faɗi ya ruɓe a inda yake saboda ƙwari da tsuntsaye, su bar ciyawa ta yi tsawo har ƙarshen bazara kafin a yanke. Wanda zai je, ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa.