Daga Ginshiƙin Delhi Zuwa Ƙwayar Magani: Tarihin Masanan Sinadarai na Indiya

A harabar masallacin Quwwatul Islam da ke Mehrauli, a kudancin birnin Delhi, akwai wani ginshiƙin baƙin ƙarfe wanda tsawonsa ya ɗan haura mita 7, nauyinsa kuma ya kai kimanin tan 6. An ƙera shi wajen shekara ta 400 Miladiyya, a zamanin daular Gupta. Shekara 1,600 ke nan yana shan rana da ruwan damina, amma tsatsa ba ta ci shi ba. Sai wajen shekara ta 2000 wani masanin ƙarafa na cibiyar fasaha ta Kanpur, R. Balasubramaniam, ya yi gamsasshen bayanin dalili. Maƙeran sun fitar da ƙarfen daga tama da wutar gawayi, ba su zuba dutsen farar ƙasa ba kamar yadda masana'antun yau suke yi, saboda haka sinadarin fosfaros ya zauna a cikinsa da yawa. Shi ne ya haɗu da iska da danshi, ya yi wata siririyar fata a jikin ginshiƙin, wadda ke hana tsatsa kutsawa ciki.

Rubutun da aka sassaƙa a jikin ginshiƙin ya yabi sarki da nasarorinsa na yaƙi. Bai ambaci maƙeri ko ɗaya ba. A wannan shirun ne tarihin kimiyyar sinadarai a Indiya ya ƙullu. Ƙasar ta daɗe da masu gwaninta a hannu, ta kuma daɗe da malamai masu rubutu, sai dai an raba su gida biyu. Manyan masanan sinadaranta na ƙarni na 20 sun yi fice ne gwargwadon yadda suka sake haɗa gidajen nan biyu, kuma amfanin wannan haɗi ya iso har shagunan magani na Afirka.

Gwanintar da ba ta shiga makaranta ba

Misali mafi ban mamaki shi ne na tutiya. Fitar da tutiya daga dutsenta aiki ne mai wuya, domin sai zafi ya kai kusan digiri 1,000 kafin ta rabu da dutsen, alhali ita kanta tana tafasa a digiri 907. Ma'ana, da zarar ta fito sai ta zama tururi, ta haɗu da iska, ta koma farin gari. A Zawar, cikin jihar Rajasthan, masu narka ƙarfe sun warware wannan matsala ɗaruruwan shekaru kafin Turai. Sukan cika ƙananan tukwanen yumɓu masu siffar yalo da garin dutsen da gawayi, su kifa su a tanderu, bakinsu na kallon ƙasa. Wuta na ci a sama, tururin tutiya na gangarawa ta dogon wuyan tukunya zuwa ɗaki mai sanyi a ƙasa, inda yake daskarewa ya zama ƙarfe. Masu tonon kayan tarihi sun samu tanderun da ke ɗaukar tukwane 36 a lokaci guda. A Ingila kuwa, sai a 1738 William Champion na birnin Bristol ya yi rajistar tasa hanyar fitar da tutiya.

Haka nan ƙarfen nan mai tauri na kudancin Indiya, wanda ake dafawa a rufaffiyar tukunya, shi ne aka riƙa kaiwa Gabas ta Tsakiya ana ƙera shahararrun takubban Dimashƙa. Ingancinsa ya sa Michael Faraday da kansa ya zauna ya bincike shi a Landan a 1819. Akwai kuma littattafai cikin harshen Sansikirit, irin su Rasaratna Samuccaya, da suka bayyana yadda ake sarrafa zaiba da farar wuta, da siffofin tukwane da tanderu. Da irin wannan gado, me ya hana kimiyyar zamani tsirowa a can?

Amsar Prafulla Chandra Ray

Wanda ya fara fuskantar wannan tambaya da gaske shi ne Prafulla Chandra Ray. An haife shi a 1861 a ƙauyen Raruli, wanda yanzu yake cikin Bangladesh. Ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Edinburgh a 1882, ya kammala digirin dakta a 1887. Da ya dawo, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi mataimakin farfesa na wucin gadi a Kwalejin Presidency ta Kalkata a 1889, a kan albashin rupi 250 a wata, domin manyan muƙaman koyarwa kusan na Turawa ne kaɗai.

A ɗakin gwaje-gwajen kwalejin ya lura da wasu rawayen ƙyalƙyali da suka fito lokacin da ya haɗa zaiba da asid ɗin naitirik mai ruwa-ruwa. Binciken da ya wallafa a 1896 ya nuna cewa wani gishirin zaiba ne na naitirait, wanda a da ba a san yana iya zama ba tare da ya wargaje ba. Wannan ya sa aka san sunansa a Turai, ya kuma buɗe masa fagen bincike na shekaru masu yawa.

Wasiƙun da ya yi musaya da masanin Faransa Marcellin Berthelot, wanda ke nazarin tarihin sinadarai, su suka tura shi tattara tsofaffin rubuce-rubucen ƙasarsa. Sakamakon shi ne littafinsa kan tarihin kimiyyar sinadarai ta Hindu, juzu'i na farko a 1902, na biyu a 1909. Masu kishin ƙasa sun yi murna da hujjojin da ya kawo na gwanintar kakanni, amma hukuncin da ya yanke bai yi wa kowa daɗi ba. A ganinsa, tun kafin zuwan Turawa ilimin ya fara mutuwa, saboda tsarin ajujuwan haihuwa da ya tsananta. Masu karatu na ajin sama sun ɗauki taɓa gawayi, fata, ƙashi da gawa a matsayin ƙazanta. Sana'o'in hannu suka zama gadon waɗanda aka hana karatu. Maƙeri ya san yadda ake yi, amma ba shi da damar tambayar dalili. Malami yana da damar tambaya, amma ba ya kusantar tanderu. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Zamanin Ray ya nuna masa tsadar wannan rabuwa ƙuru-ƙuru. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman baba da fitar da shuni. Masanan Jamus suka gano tsarin sinadarin shunin, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kuma kafin 1914 kasuwar shunin gona ta durƙushe. Sana'ar dubban shekaru ta faɗi a hannun mutanen da ƙasarsu ba ta noman baba, domin sun san abin da ke cikin ganyen.

Ray bai tsaya ga rubutu ba. Wajen 1892 ya fara haɗa magunguna a gidan da yake haya, da jarin da bai wuce rupi ɗari bakwai zuwa takwas ba. Cikin ayyukansa na farko har da ƙona ƙasusuwan shanu don fitar da sinadarin fosfet, aikin da ɗan babban gida Bahinde ba ya ko kusanta. A 1901 wannan ƙaramar sana'a ta zama kamfanin Bengal Chemical, wanda ake ɗauka a matsayin kamfanin magunguna na farko mallakar 'yan Indiya, kuma yana nan har yau. Ray bai yi aure ba, ya zauna a ɗaki guda cikin kwalejin kimiyya ta Jami'ar Kalkata, ya riƙa mayar da albashinsa ga sashen da ɗalibai. A 1924 ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Masanan Sinadarai ta Indiya. Ya rasu a 1944, saura shekara uku ƙasar ta samu 'yanci.

Masu gina cibiyoyi, masu bin ganye

Abin da Ray ya yi a gari guda, Shanti Swarup Bhatnagar ya shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Yana koyarwa a Lahore ne wani kamfanin haƙar mai a yankin Rawalpindi ya kawo masa kuka: taɓon da ake zubawa a ramin haƙa yana daskarewa idan ya haɗu da ruwan gishiri. Bhatnagar ya magance matsalar da ƙaron wata bishiya ta ƙasar. Kamfanin ya ba shi kyautar rupi 150,000, shi kuma ya miƙa wa jami'a don a ɗauki matasan masu bincike. A 1942 ya zama shugaban farko na hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, kuma a ƙarƙashinsa aka buɗe babban ɗakin binciken sinadarai na ƙasa a Pune a 1950, da cibiyar binciken magunguna a Lucknow a 1951.

Asima Chatterjee ta bi wata hanyar. Ta yi karatu a Jami'ar Kalkata, ta samu digirin dakta na kimiyya a 1944, mace ta farko da wata jami'ar Indiya ta ba wannan digiri. Ta ɗauki tsirran da masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da su, ta riƙa tace sinadaran da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya tana gano tsarinsu. Aikinta ya kai ga haɗa maganin farfaɗiya mai suna Ayush-56, kuma a 1975 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban taron masana kimiyya na Indiya. Abin da Jamusawa suka yi wa ganyen baba, ita ta yi wa itatuwan ƙasarta da kanta.

Ba kowa ne ƙasar ta iya riƙewa ba. Har Gobind Khorana, ɗan wani ƙauye a Punjab, ya koma gida a 1949 bayan karatu a Ingila da Suwizalan, bai samu aiki ba, ya sake fita. A Amurka ya yi binciken ƙwayoyin gado da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1968. Venkatraman Ramakrishnan, wanda ya samu Nobel ta sinadarai a 2009, shi ma a waje ya yi aikinsa. C.N.R. Rao na cikin waɗanda suka dawo suka zauna, ya gina makarantar binciken sinadaran daskararrun abubuwa a Kanpur da Bangalore.

Dala ɗaya a rana

Inda wannan tarihi ya taɓa rayuwar talakan Afirka kai tsaye shi ne gidan Hamied. Khwaja Abdul Hamied, ɗan Aligarh, ya yi digirin dakta kan sinadarai a Balin, ya kafa kamfanin Cipla a Bombay a 1935. Ɗansa Yusuf Hamied ya yi nasa digirin a Cambridge. Suna cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati lamba har aka yi dokar haƙƙin mallakar ƙirƙira ta 1970. Dokar ta ce a fannin magani, abin da ake mallaka shi ne hanyar haɗawa, ba sinadarin kansa ba. Duk wanda ya gano wata hanya dabam ta isa ga sinadari iri ɗaya, yana da ikon haɗawa ya sayar.

Irin wannan doka ba ta da amfani ga ƙasar da ba ta da masana. Gano sabuwar hanyar haɗa magani aiki ne na ƙwararru, kuma a nan ne ɗakunan binciken da Bhatnagar ya gina suka biya kuɗinsu. A farkon shekarun 1990, A.V. Rama Rao na cibiyar fasahar sinadarai ta Hyderabad ya samar da hanya mai araha ta haɗa AZT, maganin farko na cuta mai karya garkuwar jiki, Cipla kuma ya fitar da shi kasuwa. A Fabrairun 2001 Yusuf Hamied ya yi wa ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tayin haɗin magunguna uku a kan dala 350 ga mutum ɗaya a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana, a lokacin da farashin kamfanonin Yamma ya haura dala 10,000. Farashi ya karye a duniya. Shirin gwamnatin Najeriya na ba da waɗannan magunguna, wanda ya fara a 2002, da magungunan Indiya ya tashi.

Labarin yana da duhunsa. A 2005 Indiya ta gyara dokarta don bin ƙa'idojin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, saboda haka sababbin magunguna sun koma ƙarƙashin cikakken haƙƙin mallaka. Masana'antunta sun dogara ƙwarai ga ƙasar Sin wajen sinadaran tushe. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari da aka haɗa a Indiya, waɗanda aka danganta da mutuwar yara da dama a Gambiya, bayan an samu guba a cikinsu. Ƙwayar tiramadol da ta addabi matasa a Kano da Zinder, mafi yawanta daga can take fitowa. Masana'anta idan ta kuɓuce wa mai gwaji da mai sa ido, ɓarnarta takan yi daidai da ƙarfinta.

Duk da haka, tsakanin ranar da Ray ya ƙona ƙasusuwa a Kalkata da ranar da Hamied ya karya farashin magani, shekara ɗari da 'yan kai ne kacal. Abin da ya cika wannan tazara ba ɓoyayye ba ne: malamai da suka yarda hannunsu ya yi baƙi, ɗakunan bincike da gwamnati ta ci gaba da biya ko da riba ba ta fito nan take ba, da doka da aka rubuta daidai da abin da 'yan ƙasa suka iya. Kowace ƙasa da ke sayen maganinta daga waje tana da nata maƙeran da nata malaman. Tambayar da Ray ya yi wa Indiya a 1902 ita ce ko suna zama a ɗaki ɗaya.