Bankwana: Kalmar Dare da Ta Zama ta Rabuwa

Kalmar “bankwana” haɗi ne na “ban” da “kwana”. Wannan “ban” ɗin, mai ma’anar bayarwa, shi ne a cikin ban ruwa, ban girma da ban haƙuri. A zahirin lafazi, yin bankwana shi ne ba mutum kwana, wato yi masa sai da safe. Tarihin tafiye-tafiyen Hausawa ne ya ɗora wa kalmar nauyin da take ɗauke da shi a yau.

Fataken da ke zuwa Gwanja fataucin goro sukan share watanni a hanya. Maniyyatan da ke bi ta Barno, Wadai da Darfur a ƙasa kuwa sukan yi shekaru, da yawansu ma suka zaune a Sudan. Saboda haka bankwanan matafiyi ya ƙunshi biyan bashi, barin wasiyya, neman gafara da rakiya har bayan gari. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da ɗimbin jama’a. Ya rasu a yaƙin Burmi, ɗansa Mai Wurno kuma ya kai sauran mabiya Sudan, inda zuriyarsu take har yanzu.

Addini ya ƙara wa kalmar kwarjini. Da ita malamai suka fassara “wada’i” ta Larabci: Hajjin Bankwana na shekara ta 10 bayan Hijira, da huɗubar da Manzon Allah (SAW) ya yi a Arfa, da ɗawafin bankwana da alhaji ke yi kafin ya bar Makka.

Wannan ne ya bambanta ta da “sallama”, wadda aka aro daga Larabci. Ana sallama a ƙofar gida, likita na sallamar majiyyaci, ma’aikata na sallamar ma’aikaci. Bankwana kuwa na nuna yankewar zama, shi ya sa ake cewa wane ya yi bankwana da duniya, ko da talauci.

Mai rubuta jawabi ko takardar ofis ya kamata ya lura da wannan. Liyafar bankwana ta dace da wanda ya yi ritaya ko aka yi wa canjin wurin aiki. Wanda zai tafi taron kwana uku a Abuja, “Allah Ya kiyaye hanya” ta ishe shi. A yi wa dattijon da ke kwance a asibiti maganar bankwana, iyalinsa za su ji wani abu daban.