BASHIN BIKI A FILIN WASA

Ni dai ba ma'abuciyar kallon ƙwallo ba ce, amma duk inda aka taɓa baitulmali, to an taɓa tukunyar kowace mace. Shi ya sa zan ba ku tarihin birane biyu da suka karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ku yi alƙalanci da kanku.

Na farko shi ne Montiriyal ta ƙasar Kanada, a 1976. Magajin garin, Jean Drapeau, ya bugi ƙirji ya ce yadda namiji ba zai haihu ba, haka wasannin ba za su jawo asara ba. Aka shiga ginin katafaren fili da kuɗin gwamnati. Yajin aikin magina da tsadar kaya suka taru suka ninka kuɗin, har ranar buɗewa ta zo ba a gama ba. Hasumiyar filin da rufinsa sai a 1987 aka kammala. Mu kuwa ko wasan ba mu yi ba, don Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka sama da 20 da suka janye saboda batun wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Biki ya watse cikin mako biyu, bashi ya zauna daram. Aka ɗora haraji na musamman a kan taba sigari, ba a gama biya ba sai 2006. Shekara 30 cur! Ashe dai namijin ya haihu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Da aka zo neman mai karɓar wasannin 1984, birnin Los Anjalis na Amurka kaɗai ya rage a takara. Mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a a 1978 cewa ba za a ɗora musu asarar ba. Sai wani ɗan kasuwa, Peter Ueberroth, ya jagoranci shirin da kuɗin kamfanoni da na gidajen talabijin. Kamfanin McDonald's ya biya kuɗin wurin iyo, 7-Eleven ya biya na tseren keke. Da aka tashi lissafi, sai ga ribar da ta haura dala miliyan 200.

To amma kada a yi saurin cewa ɗan kasuwa waliyyi ne. Sirrin shi ne ba su gina sabon babban fili ba, tsohon filin garin da aka buɗe tun 1923 suka gyara. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗinsa sai ya tambayi abin da wurin zai yi bayan taro. Wannan tambayar ce mai kashe kuɗin jama'a yake mantawa da ita, tunda ba aljihunsa zai yi kuka ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Gwamnati ta gina babban filin Abuja don wasannin Afirka na 2003, daga baya ciyawarsa ta lalace, sai da Alhaji Aliko Dangote ya sa kuɗinsa aka gyara.

Ban ce kada gwamnati ta gina fili ba, yaranmu na bukatar inda za su motsa jini. Amma kafin a aza tubali, a fito a gaya mana: nawa zai ci, wa zai biya in an yi asara, kuma wa zai riƙa kula da shi bayan baƙi sun tafi? Mu mata mun san ƙarshen wadda ta ci bashi don a ce bikinta ya fi na kowa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.