Babi na Biyu: Chuck Berry da Tasirinsa a Kiɗan Rok-an-Rol

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi rayuwar Chuck Berry, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin kiɗan rok-an-rol a Amurka. Manufar ita ce a nuna yadda ya haɗa kiɗan baƙar fata da na farar fata a zamanin wariya, da kuma yadda aka yi ta jayayya a kan haƙƙin mallakar waƙoƙinsa.

2.1 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Charles Edward Anderson Berry ranar 18 ga Oktoba, 1926, a birnin St. Louis na jihar Misuri. Iyayensa masu riƙo da coci ne, saboda haka waƙoƙin ibada suka fara shiga kunnensa. A 1944 aka kama shi da laifin fashi da makami, aka tsare shi a gidan horo har 1947. Bayan fitowarsa ya yi aiki a kamfanin haɗa motoci, ya kuma koyi gyaran gashi. A 1953 yana kaɗa jita a ƙungiyar Johnnie Johnson, wani gwanin fiyano.

2.2 Salonsa da Ɗaukakarsa

A wancan zamani kasuwar faifai a rabe take: buluz na baƙar fata ne, kiɗan karkara kuwa na farar fata. Berry ya ɗauki amon jita daga na farko, ya ɗauki saurin kari da ba da labari daga na biyu. Yakan furta kalmomi dalla-dalla, jigoginsa kuma su ne mota da makaranta da rawa da soyayya, wato abubuwan da suka dami matasa ko da wane irin launi gare su.

A 1955 ya je Shikago, inda mawaƙi Muddy Waters ya tura shi kamfanin Chess. A nan aka ɗauki waƙar “Maybellene”, wadda ya gina a kan wata tsohuwar waƙar karkara mai suna “Ida Red”. An sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Sai “Roll Over Beethoven” a 1956 da “Johnny B. Goode” a 1958.

2.3 Tasirinsa da Batun Haƙƙin Mallaka

Da faifan “Maybellene” ya fito, an rubuta sunayen Alan Freed, mai gabatar da kiɗa a rediyo, da Russ Fratto a matsayin abokan tsara ta, alhali ba su ƙara ko ɗango ɗaya ba. Ma'ana, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sai a 1986 haƙƙin ya dawo masa gaba ɗaya.

Daga 1962 zuwa 1963 Berry yana kurkuku, bisa laifin ƙetare iyakar jiha da yarinya 'yar shekara 14. A daidai wannan lokaci ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta fitar da faifanta na farko da waƙarsa “Come On”. Haka kuma Beach Boys sun ɗora “Surfin' U.S.A.” a kan karin waƙarsa “Sweet Little Sixteen”, sai daga baya aka sanya sunansa a kanta. Sai dai shi ma Johnnie Johnson ya kai shi ƙara a 2000, yana da'awar tare suka tsara waƙoƙi da dama, amma kotu ta kori ƙarar saboda lokaci ya ƙure.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa waƙar Berry ta tsallake shingen launin fata tun kafin doka ta rushe shi, amma ribarta ba ta isa hannun mai ita cikin sauƙi ba. A 1977 an saka “Johnny B. Goode” cikin faifan da kumbunan Voyager suka tafi da shi sararin samaniya. Berry ya rasu ranar 18 ga Maris, 2017, yana da shekara 90.