Yini Guda a Wida, Bakin Tekun Dahome

A watan Nuwamba na shekarar 2017 aka aike mu wani taron masu koyar da katikisma a Legas. Da aka tashi daga taron sai muka ga muna da sauran kwana biyu kafin mu kama hanyar arewa. Mu uku muka yi shawara, da ni, da wani dattijo abokin aikina, da wata malamar makaranta wadda ta iya Faransanci, mu ƙetare iyaka ta Seme mu je mu ga garin Wida a Jamhuriyar Benin, ƙasar da iyayenmu suka sani da sunan Dahome. Daga Kwatano zuwa Wida kamar kilomita 40 ne ta wajen yamma.

A ƙofar tsohuwar kagarar Turawan Fotugal muka tarar da samari masu aikin ja-gora. Muka yi ciniki da ɗaya daga cikinsu ya zagaya da mu, mu kaɗai, har yamma. Baba dattijo bai so ba. Ya ce don me za mu biya mutum ya nuna mana abin da idonmu ke gani? Malama ta ce masa, "Baba, da ɗan gari akan ci gari." Saurayin yana magana da Faransanci, malama tana juya mana da Hausa, ni kuwa ina rubutawa a bayan takardar taro.

Abu na fari da ya ba ni mamaki shi ne, kagarar ba a bakin teku take ba. Tsakaninta da ruwa akwai tafiyar kilomita uku zuwa huɗu. Ja-gora ya ce haka sarakunan ƙasar suka so, gama Baturen da ke zaune a tsakiyar gari yana hannun sarki, igwar jirgi kuwa ba za ta cece shi ba. Kagara uku ne a dā, ta Faransa, da ta Ingila, da ta Fotugal wadda aka gina a 1721. Wannan ta ƙarshe ce kaɗai ta rage a tsaye. Turawan Fotugal sun riƙe ta har bayan da Dahome ta sami mulkin kai a 1960. Sai a 1961 gwamnati ta kore su, wakilinsu kuwa ya sa wa gidan wuta kafin ya fita. Daga baya aka gyara wurin aka mai da shi gidan kayan tarihi. Bayan zuwanmu gwamnatin Benin ta sāke shiga wani babban gyara a kagarar da hanyar teku, saboda haka wanda ya je bayanmu ba lalle ya tarar da kome yadda muka bar shi ba.

Asalin garin na mutanen Hweda ne, babban birninsu kuwa Sabi, 'yar tafiya kaɗan arewa da Wida. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya zo daga Abome ya ci su da yaƙi, hanyar teku ta koma hannunsa. Sarakunan Abome suka riƙa naɗa wani hakimi a garin mai sarautar Yobogan, wato sarkin Turawa, shi ke lura da baƙi da harajin sarki. Wani masanin tarihi mai suna Robin Law, wanda ya wallafa littafi a kan garin a 2004, ya lissafa cewa mutanen da aka fitar ta Wida daga wajen 1670 zuwa wajen 1860 sun wuce miliyan ɗaya. A duk Afirka, Luwanda ta ƙasar Angola ce kaɗai ta fi ta. Abin da aka karɓa a madadinsu shi ne bindigogi, da albarushi, da barasa, da tufafi, da tabar Bahiya ta ƙasar Birazil wadda ake shafa wa ruwan rake, da kuma wuri. Wurin nan daga tsibiran Maldib na tekun Indiya jiragen Turawa suke kawo shi, irinsa ne kuwa kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin arewa kafin zuwan kwabo da sule.

A cikin harabar kagarar akwai ɗan ƙaramin ɗakin sujada. A nan na daɗe a tsaye fiye da ko'ina. Mutanen da suka yi wannan ciniki sun yi baftisma, suna da firist, suna zuwa sujada ran Lahadi, ran Litinin kuma su koma ƙidayar kawuna. Shekara da shekaru ina koya wa yara Dokoki Goma, ban kuwa ga yadda zan wanke waɗannan mutane ba, ba na kuma so in gwada. Wanda ya ce laifin na Turawa ne kaɗai, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba, domin Bature ba ya shiga daji ya kama kowa. Sarakuna da fatake baƙar fata ne suke kawo masa har ƙofa.

A wannan kagara ce kuma aikin bishara na zamani ya kafu a ƙasar. Ran 18 ga Afrilu 1861 firistoci biyu na ƙungiyar mishan ta SMA, Fada Borghero mutumin Italiya da Fada Fernandez mutumin Sifen, suka sauka a gaɓar Wida. Su uku suka taso, na ukun ya rasu a Saliyo. Aka ba su masauki a cikin kagarar, suka buɗe makaranta. A lokacin cinikin bai mutu ba tukuna. Shekara guda kafin zuwansu, a 1860, jirgin nan Clotilda ya kwashi mutum wajen 110 daga Wida ya kai su Alabama ta Amurka a ɓoye. Fada Fernandez bai daɗe ba, ya rasu a 1863. Fada Borghero ya kai ziyara Legas, daga baya ƙungiyar tasu ta kai Lokoja a 1884, ta kai Shendam a 1907. Mu Katolika na arewa da muka yi karatu a makarantun mishan, in muka bi sawun malamanmu baya, wannan harabar ce za mu iso.

Daga nan ja-gora ya kai mu ɗakin tsafin mesa, wanda ke fuskantar babbar majami'ar Katolika da aka gama a 1909. Hanya ce kawai ta raba su. Mesoshin ƙanana ne, ba sa cuta, masu yawon buɗe ido suna rataya su a wuya a ɗauke su hoto. Baba ya ce shi macijin da ya sani a Littafin Farawa ya ishe shi. Muka wuce.

Hanyar bayi tana farawa daga wani fili da ake kira Dandalin Caca. Caca laƙabi ne na Francisco Felix de Souza, mutumin Bahiya, wanda ya taimaki Gezo ya ƙwace sarautar Dahome a wajen 1818. Gezo ya sāka masa da matsayi a cinikin Wida, ya zama babban dillalin bayi har mutuwarsa a 1849. Gidansa yana nan kusa da filin, zuriyarsa kuwa suna da yawa a Benin da Togo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Akbishop Isidore de Souza na Kwatano, wanda ya shugabanci taron ƙasa na watan Fabrairu 1990, taron da ya fitar da Benin daga mulkin jam'iyya ɗaya ba tare da zub da jini ba. Ja-gora ya faɗi wannan da alfahari, na kuwa ga yana da dalili.

Daga filin muka gangara da ƙafa cikin rana, gama malama ta ce ba daidai ba ne mu hau babur a hanyar da mutane suka bi da sarƙa. Saurayin ya tsaya da mu a wurin da ake kira Itacen Mantuwa. Ya ce maza sukan kewaya shi sau tara, mata sau bakwai, don su manta da garinsu da sunansu. Ya nuna mana wurin da ya ce ɗakin Zomayi yake, wato inda haske ba ya shiga, inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Sa'an nan ga wani kabarin taro a ƙauyen Zungboji, da Itacen Komowa, wanda ake kewayawa sau uku domin kurwar mutum ta komo gida bayan ya mutu a baƙuwar ƙasa. Ya iya ba da labari ƙwarai. Baba da ya yi ta gunaguni da safe, sai ga shi yana share ido da bakin hula.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hankali, in ya taɓa zuwa irin wannan wuri. Na lura da cewa mutum-mutumin da ke bakin hanya duk na siminti ne, fentinsu ma bai tsufa ba. Na sa malama ta tambaya. Saurayin bai ɓoye ba. Ya ce an kafa su ne don wani babban biki da aka yi a farkon 1993, a zamanin Shugaba Nicephore Soglo, a 1994 kuma hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a garin. Masana da suka bincika takardun 'yan kasuwa da matafiya na zamanin cinikin sun ce ba su sami labarin kewaya itatuwan nan a ciki ba. Labari ne na baka, mai yiwuwa kuma an ƙara masa gishiri saboda baƙi. Ban ga laifin mutanen Wida ba da suka kafa abin tunawa, gama mu ma mukan kafa gicciye a kabarin da ba mu ga ranar binnewa ba. Amma ja-gora mai gaskiya ya kamata ya raba wa baƙo tsakanin abin da aka tarar da abin da aka gina jiya, ba sai an tambaye shi ba. Hanyar kanta ta gaske ce, da fadamar da ake ƙetarewa, da yashin. Waɗannan ba su bukatar ƙari.

Abin da ja-gora bai faɗa ba, shi ne ya fi shafarmu. A bakinsa hanyar tana farawa daga Dandalin Caca, iyaka ya ambaci Abome. Amma ga mutane da yawa ta faro ne daga can arewa. Bayan da yaƙe-yaƙen jihadi suka tashi a ƙasar Hausa a 1804, kamammu daga kowane ɓangare, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, aka riƙa sayar da su kudu ta ƙasar Nufe da Oyo, har su kai Legas, ko Badagiri, ko Fotonobo, ko Wida. Hausawa suka yi yawa a Bahiya har hukuma ta riƙa jin tsoronsu. A 1807 aka tona wata shawarar tawaye da suka ƙulla a birnin Salbado, a 1814 kuma suka tashi da faɗa sosai. A babban tawayen Musulmin Bahiya na 1835 Yarabawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki. Kakata takan ba mu labarin yadda mutanen ƙauyenmu suke kwana a kan dutse saboda mahara masu dawakai, da wata 'yar'uwar uwarta da ta tafi ɗiban ruwa ba ta komo ba. Yawancin irin waɗannan a cikin ƙasa aka bautar da su, gama kasuwar bayi ta ci a Kano har zuwan Turawa a 1903, doka kuwa ba ta kashe bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai a 1936. Amma a zamanin da jiragen suke zuwa, waɗansu teku suka nufa.

Muka iso bakin ruwa wajen la'asar. A nan ne Ƙofar Rashin Komowa take, wata doguwar ƙofa da aka gina a 1995, an zāna jerin mutane ɗaurarru a samanta suna fuskantar jirgi. Ba nisa da ita akwai wani abin tunawa da Ikkilisiya ta kafa a shekarar 2000, mai siffar gicciye, domin 'yan mishan na fari. Wida ba ta da tashar jirgi. Jiragen suna tsayawa can nesa, sai a zuba mutane a kwalekwale a ratsa raƙuman ruwa da su, masu tuƙin kuwa galibi daga gaɓar Gana ta yanzu ake ɗauko su. Na ga yadda ruwan yake dukan yashi da ƙarfi. Mutumin da aka kamo daga Katsina ko Zazzau, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, a nan ya fara ganin teku.

Muna zaune a inuwa sai malama ta tambayi saurayin ko ya san labarin Mahomma Gardo Bakwakwa. Ya ce bai taɓa ji ba. Ta ba mu labarin, da Faransanci da Hausa bi da bi. An haife shi a Jugu, a arewacin Benin, garin da fataken goro suke yada zango a hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja. Uwarsa Bakatsiniya ce. Aka kama shi yana saurayi, aka bi da shi ta Wida wajen 1845, aka kai shi Birazil. Wani mai jirgi ya saye shi, a 1847 jirgin ya kai kofi birnin New York, a can ya tsere. Masu gāba da bauta suka aike shi ƙasar Haiti, inda ya yi baftisma a hannun 'yan mishan na Baptis a 1848. Ya koma Amurka ya yi karatu, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit. Burinsa duka shi ne ya komo ya ga uwarsa, ya kuma yi aikin bishara a ƙasarsu. Labarinsa na ƙarshe a takardun 'yan mishan na 1857 ne, yana Ingila, yana roƙo a aike shi Afirka.

Saurayin ya ciro ɗan littafinsa ya ce malama ta rubuta masa sunan da shekarun. Ya tambaya Katsina tana ina, na zāna masa taswira a kan yashi da tsinke, daga teku zuwa Abome, zuwa Jugu, zuwa Kwara, har can sama. Muka biya shi kuɗinsa. Baba ya laluba aljihu ya ƙara masa da canjin sefa da ya rage a hannunsa, sa'an nan muka nemi babura zuwa tasha, domin mu sami motar Kwatano kafin duhu.