Daga Mandawari Zuwa Gidan Rumfa

Mai karatu, in ka san Sabon Titin Mandawari a ƙarshen shekarun 1990, ka san yadda ofisoshin 'yan fim su ka cika shi, ga furodusoshi, ga 'yan wasa, ga samari masu jiran a saka su a fim. To amma bari in tambaye ka: a cikin wannan taro, mutum nawa ne su ka taɓa takawa zuwa Gidan Sarki don kawai su kalli ginin su tambayi tarihin sa? Tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, amma idon da ya saba da abu ba ya ganin sa. Yau ina so ka ajiye zaman ka na ɗan gari, ka zama baƙo, mu je tare.

Tun kafin mu ɗaga ƙafa ma mu na cikin tarihi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) malaman Wangarawa su ka zo daga Mali a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. A cikin su akwai Mandawari, wanda ya zama limamin Wangarawa da manyan gari, kuma da shi ake danganta sunan unguwar. A lokacin babu Gidan Rumfa, sarakuna su na zaune ne can wajen Dala.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari sannan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina sabuwar fada wajen 1480. Shi ya shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ya kafa majalisar Tara ta Kano. A zamanin sa Shaihu Al-Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Wato yawancin abin da ka ke gani a fim ka ce “sarauta”, daga nan ya samo asali.

Ka fara da Gidan Makama, daura da Ƙofar Kudu. Nan Rumfa ya zauna kafin ya yi sarki, yanzu kuma gidan tarihi ne da kowa zai iya shiga. Ka ɗaga kai ka dubi daurin guga da azara, ka taɓa kaurin bango, ka ji sanyin soro ko da tsakar rana a watan bazara. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da sauran kayan yaƙi, da hotunan sarakuna.

In ka fito, ga Gidan Rumfa a gaban ka, fili mai faɗin eka 33. Ƙofar Kudu da ka ke kallo, Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya samar da ita a ƙarni na 19. Ta arewa kuwa akwai Ƙofar Fatalwa, kusa da Babban Masallacin Juma'a wanda aka sake ginawa a zamanin Abdullahi Bayero. Shi ne kuma ya gina Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi.

Wannan gida ya ga abubuwa. Bayan jihadi ya kori Sarki Alwali, Malam Sulaimanu ya shiga cikin sa, daga 1819 kuma Ibrahim Dabo da zuriyar sa su ka gaje shi. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga, ya rubuta yadda ya yi ta ratsa zaure bayan zaure kafin ya kai ga Sarki Usman. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila su ka ci Kano lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sallama Jatau bai gudu ba, a nan fada ya yi ta faɗa har aka kashe shi. Kai jama'a! Wane labari ne ya fi wannan dacewa da fim?

Sai dai ka sani, Gidan Rumfa ba kango ba ne da ake yankar tikiti a shiga ko'ina. Gida ne mai mutane, da iyali da bayin sarki da dogarai. Ka nemi izini, ka tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, kada ka ɗaga kyamara sai ka tambaya, cikin gida kuwa ba wurin namiji baƙo ba ne.

A nan ya bambanta da fadojin Turai. Dubi fadar sarakunan Foland da ke birnin Warso: babu sarki a ciki, kuma sojojin Jamus sun tarwatsa ta da nakiya a 1944. Amma mutanen ƙasar su ka yi karo-karo su ka sake gina ta daga 1971 zuwa 1984, da taimakon tsofaffin zane-zane da hotuna, yau 'yan yawon buɗe ido na tururuwa. Mu kuwa ba maƙiyi ya rushe namu ba. Da hannun mu aka ture Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, badala kuma ta na ta zaizayewa, gine-gine na cin ta. Ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara, in aka sake shi damina ɗaya biyu ta gama da shi.

A 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duniya ta ga darajar abin, saura mu. Don haka marubuci, kafin ka rubuta “fadar sarki” a littafin ka, je ka ga yadda soro ya ke bin soro. Darakta, kafin ka rataya labule a falo ka ce fada ce, je ka zauna a Gidan Makama ko da awa ɗaya. Kai kuma mai karatu, ranar Asabar mai zuwa ka riƙo hannun yaran ka ku taka daga Mandawari. In sun tambaye ka wa ya gina, ka ga yanzu ka na da amsa.