George Walker: makaɗin da aji ya riƙe

A kiɗan gargajiyar Turawa, mai tsara kiɗa a takarda yake rubuta shi, sannan ya jira babbar ƙungiyar makaɗa ta yarda ta buga. A wajenmu makaɗi shi ke tsarawa, shi ke rerawa da yaransa. Can kuwa in masu ƙungiya suka kau da kai, aikinka sai ya kwana a akwati. Wannan ne ya sa tarihin George Walker ya tsaya mini a rai.

An haife shi a Washintan a 1922, mahaifinsa likita ne da ya zo daga Jamaika. Yana ɗan shekara 14 ya shiga kwalejin Oberlin, daga nan ya wuce makarantar kiɗa ta Curtis a Filadelfiya, inda Rudolf Serkin ya goge masa hannu a fiyano. A 1945 ya kammala, kuma a shekarar ya buga fiyano da ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, Eugene Ormandy na jagoranta. Burinsa ke nan, ya ci abinci da yatsunsa a dandali. Amma Amurka ta lokacin ba ta shirya ganin baƙar fata zaune gaban fiyano yana buga kiɗan Turawa ba. Gayyata ta yi ƙaranci.

Sai ya koma karatu da koyarwa. Ya yi digirin digirgir a makarantar kiɗa ta Eastman a 1956, ya tafi Faris wajen Nadia Boulanger, malamar da manyan masu tsara kiɗan Amurka da yawa suka yi karatu a gabanta. Ya koyar a Jami'ar Dillard da kwalejin Smith da Jami'ar Colorado, sannan ya zauna a Jami'ar Rutgers daga 1969 har ya yi ritaya a 1992. Albashin malanta ne ya ba shi sararin rubutu, ba tafin 'yan kallo ba.

Abin da aka fi saninsa da shi ya rubuta shi tun yana ɗan shekara 24: Lyric for Strings, na 1946, wanda ya sadaukar ga kakarsa Malvina King, wadda aka haifa cikin bauta. Minti shida ne kacal, kayan tsirkiya zalla, ba ganga ba busa. Goge na farko yana shigowa a hankali, sauran su biyo shi ɗaya bayan ɗaya, sautin ya yi ta hawa har ya cika, sai ya yanke, ya dawo ƙasa. Ni dai ban san wani makoki da ya fi wannan kamun kai ba. Sai dai ina jin haushin yadda aka maƙale masa, domin ayyukan Walker na baya sun fi tsauri da zurfi, kuma su aka fi yi wa rowar kunne.

A 1996 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar Pulitzer ta kiɗa, da aikinsa Lilacs, wanda ya ɗora kan waƙar makokin da Walt Whitman ya yi wa Shugaba Lincoln. Ƙungiyar makaɗan Boston ce ta fara buga shi ƙarƙashin Seiji Ozawa. Walker yana da shekara 73 a lokacin. Daga baya ya koka cewa duk da hayaniyar jaridu, lambar ba ta jawo masa ƙungiyoyi masu neman aikinsa ba.

Bai ajiye alƙalami ba. Da wani ɗan bindiga ya kashe baƙaƙen fata tara a wata majami'a a Charleston a 2015, Walker, yana da shekara sama da 90, ya mayar da martani da kiɗansa mai suna Sinfonia ta biyar. Ya rasu a watan Agusta na 2018 a Montclair, yana da shekara 96, kafin wata ƙungiya ta buga wannan aiki a gaban jama'a.